Shekara huɗu a kan mastas, ga ni ina gina jami'a a cikin gem

Abba Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙarfe biyu saura ne na dare. An kawo mana wuta tun sha ɗaya, na buɗe laftof da niyyar gyara babi na uku, ga shi har yanzu ko waƙafi ban taɓa ba. Abin da na yi a awa ukun nan shi ne na kafa gari, na tara garken shanu, na gina jami'a, na kori mahara sau biyu. Yanzu na rufe gem ɗin kunya ta ishe ni, na ce bari in zo in tona wa kaina asiri ko wani zai zage ni in dawo hayyacina.

Ga sababbin shiga, mastas nake yi a fannin tarihi. Takardar da aka ba ni ta ce shekara biyu, wannan ita ce ta huɗu. Wata takwas sun tafi a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wannan kowa ya ɗanɗana. Sauran sun tafi a kan benci, a ƙofar ofis. Babi na ukun nan sau uku yana zuwa wurin sufabaiza, wato malamin da ke duba bincikena. Zuwan farko ya yi wata huɗu a can, ya dawo da jan biro a shafi biyun farko kawai, sai rubutu a gefe wai in sake dubawa. In duba me? Oho. Na duba. Zuwa na biyu aka ce in cire sashen da na yi a kan fatake. Zuwa na uku aka tambaye ni ina bayanin fatake.

Gem ɗin da nake bugawa Age of Empires III ne. A 2021 suka fitar da ƙari mai suna The African Royals, suka sa Hausawa da Habashawa a ciki. Kana danna manomi ya amsa maka da Hausa. Kuma abin dariyar, cikin gine-ginen da aka ware wa Hausawa har da jami'a, wadda aikinta shi ne ta riƙa tara maka tasiri da za ka kashe a wasu wuraren. Wato a cikin kwamfuta jami'a na ƙara min daraja kowace daƙiƙa, a waje kuma ƙannena sun fara tambayar Umma ko dai korata aka yi ina ɓoyewa.

Da na zauna na yi tunani sai na ga ba daɗin gem ne ke riƙe ni ba. Amsa yake ba ni. In aka ci ni, allo zai fito ya nuna min abincin da na tara da sojan da na rasa da mintin da abokin karawata ya wuce ni. Na san laifina kafin in tashi daga kujera. Dokar da ke kaina ita ce a kan kowa, ba a tambayar ɗan gidan waye, ba a cewa a dawo Litinin. Makaranta kuwa, kai ƙasar ma gaba ɗaya, wasa ne da ba a rubuta dokarsa ba, sai ka taka ta a gaya maka akwai ta. Neman aiki haka, fitar da takardar sakamako haka.

Ni dai tambayata, raggonci ne nake yi wa ado da falsafa, ko akwai mai jin irin abin da nake ji?

Sani Mai Gem:
Wato duk gem ɗin duniya ka rasa wanda za ka buga sai mai makaranta a ciki? Abba kana da matsala. Ka zo shago gobe in zura maka biyar a eFootball, ka ga yadda ake manta sufabaiza.

Maman Hanif:
Abba ƙanina, ka ce a zage ka, to ni zan fara. An kawo wuta sha ɗaya, ka samu awa uku cur babu mai kiran sunanka, babu mai kuka, babu tukunya a kan wuta, ka je ka kiwata shanun ƙarya. Ni digiri na uku nake yi. Lokacin rubutuna daga idar da sallar asuba ne zuwa shida da rabi, kafin in ɗora ruwan wankan yara. Babi guda na rubuta shi a waya da babban yatsa ina goye da Hanif. Don haka in kuna maganar dokar da ba a rubuta ba ku sa wannan a ciki: lokacin da namiji ke kira hutu, wata ce ta biya kuɗinsa a kicin.

Amma don kada in cika baki, ni ma akwai Candy Crush a wayata, kuma matakin da na kai ba zan faɗa a zauren nan ba. Duk a bencin ƙofar ofis na haye su.

Abba Tarihi:
Anti na karɓa, ba ni da ta cewa. Amma kin ga ke ma benci ne ya kai ki.

Dakta Mai Alli:
Na ga saƙon nan bayan asuba, na ce sai na sha shayi tukuna kada in yi magana da zafi. Ni ina ɗaya gefen teburin, shekarata goma sha shida ina koyarwa.

Malam Abba, ba zan kare wanda ya riƙe babinka wata huɗu ba. Rubuta "sake dubawa" ba tare da faɗin inda za a duba ba lalaci ne, ni ma na taɓa yi, Allah ya yafe mana. Amma bari ka leƙo ofis ɗin daga ciki. A hannuna yanzu akwai ɗaliban mastas da na digiri na uku goma sha ɗaya, ban da 'yan aji huɗu masu furojet, ban da takardun jarrabawar 'yan aji ɗaya da ke cikin buhu a bayan ƙofa. Yajin aikin da ka ce ya ci maka wata takwas, mu albashin wata takwas ɗin aka riƙe mana, sai daga baya aka saki na wata huɗu. Ƙarin girma kuma sai da wallafa maƙala, mujallun waje da yawa da dala ake biyansu, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Shi ya sa za ka ga malami yana koyarwa a jami'a biyu ko uku, ko yana gona, ko yana kiwon kaji. Babinka yana layi ne da buhun abincin kaji.

Sai dai inda na saɓa da kai ba nan ba ne. Ka ce gem na ba ka amsa. Yana ba ka ne don wani ya riga ya zauna ya rubuta amsar kafin ka saya. Duk wuyar da ka sha a ciki, an auna ta daidai ƙarfinka don kada ka gudu. Bincike kuwa in na gaske ne, babu wanda ya san amsar, har shi sufabaizan. Wani lokaci in na ce wa ɗalibi akwai abin da bai zauna ba a babin nan, wallahi ni ma ban san mene ne ba, ina dai jin sa kamar tsakuwa a shinkafa. In kana jiran allon da zai nuna maka maki bayan kowane sakin layi, ka shigo gidan da ba a yin haka.

Abba Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, rabin maganar nan ta shige ni, rabin ta tsaya a wuya. Ni ba sauƙi nake nema ba. Akwai gem da ake kira Dark Souls, tun 2011 ya yi suna a duniya saboda tsabar wahala. Akwai dodon da ya kashe ni ya fi sau talatin. Ban ji haushi ba, don kowace mutuwa da abin da na ƙaru da shi: in ya ɗaga hannun dama a kauce hagu, in ya yi ruri a ja da baya. Wannan ita ce irin wahalar tsakuwa a shinkafa da kuke faɗa, ita nake so. Na yi mako uku a ɗakin adana takardun tarihi da ke Kaduna ina bin rahoton wani jami'in mulkin mallaka da rubutunsa kamar tafiyar tsutsa, ban taɓa ƙosawa ba.

Wadda ke kashe ni ita ce wahalar ƙofa. Fom ɗin da sai mutum uku sun sa hannu, ɗaya ya tafi taro, ɗaya ya ce sai na farkon ya sa. Ranar difens, wato kare kundi a gaban kwamiti, da ake ɗagewa ana gobe bayan ka buga kwafi takwas. Abincin 'yan kwamiti da babu takardar da ta ce ɗalibi ne zai kawo, amma kowa ya san wanda bai kawo ba. Wannan ba ta koya min komai sai iya gaisuwa.

Dakta Mai Alli:
Maganar abincin nan kam abin kunya ce, kuma na sha faɗa a taron sashe. Ban yi nasara ba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku 'yan'uwa na Najeriya. Ku daina zaton ku kaɗai ne. Nan Nijar ma mai mastas yana gama memuwar ɗinsa, wato kundin bincikensa, ya zauna jiran ranar sutunans, wadda kuke ce wa difens, kamar mai jiran damina, kuɗin bus, wato tallafin karatu na ɗalibai, kuma in sun makara sai a fito zanga-zanga, shekara ta shige cikin shekara. Abin da ya ba ni dariya a zancen Abba shi ne kuran, wato wutar lantarki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da Najeriya ta yanke muna wuta, masu PlayStation a unguwarmu duk suka dawo fada, wato majalisar hira, ga shayi ga karta ta belot ga dara a ƙasa. Wani abokina da bai san sunan maƙwabcinsa ba sai lokacin ya sani. Da aka maido wutar kowa ya koma ɗaki.

Baba Alhaji Ritaya:
Yaro ya ambaci dara, dole in sa baki. Ni malamin firamare ne da ya ajiye alli tun kafin a haifi wasunku, jikata ce ta sa ni cikin zauren nan.

Kada ku ɗauka ku kuka fara jin faɗa a kan wasa. Mu ma an kira mu 'yan zaman kashe wando saboda dara. Gurbi talatin ake tonawa a ƙasa, biyar a shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wani da tsinke wani da tsakuwa. Sai an gama zubawa a fara turawa, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa ɗaya. Iyakar dokar ke nan, amma na ga dattijo ya manta an aike shi sayen maganin matarsa a kanta. Ba banza Bahaushe ya ce dara ta ci gida ba.

Abin da na lura da shi kawai, dara tana da magariba. In rana ta faɗi ba ka ganin gurbi, dole a share a tashi, ga kuma kiran salla. Sannan a bainar jama'a ake yin ta, in ka daɗe wani zai wuce ya ce wane har yanzu kana nan? Naku wannan na cikin ɗaki ba shi da magariba, fitilarsa a jikinsa take. Abba, wa ya wuce ta ƙofarka ƙarfe biyun dare ya ce har yanzu kana nan?

Abba Tarihi:
Babu kowa Baba. Shi ya sa na kawo kaina.

Ustaz Nura:
Ni ba zan ce wasa haramun ne kai tsaye ba, rai na buƙatar hutu. Tambaya ɗaya ce: wanda ya kwanta ƙarfe biyu da rabi, ya asubarsa take? Hadisi ya tabbata cewa ni'ima biyu ne mutane da yawa ke tafka asara a cikinsu, lafiya da sararin lokaci. Maman Hanif ta riga ta fassara shi da misali. Abin da ya fi damuna kuma ba irin su Abba ba ne, yaran da ke shagunan gem ne. Ana farawa da wanda aka ci ya biya kuɗin wasa, a koma ajiye ɗari biyu-biyu, daga nan sai shagon cacar ƙwallo. Malam Sani kada ka ji haushi.

Sani Mai Gem:
Ban ji haushi ba Ustaz, gaskiya ce, akwai shagunan da ake yi. Nawa dai an rubuta a bango: ba caca, ba mai kayan makaranta, in an kira salla a kashe talabijin. Na kori yara sun fi a ƙirga, wasu iyayen ma su zo su yi min godiya, wasu su zo su zage ni wai na hana ɗansu.

Amma ku bar ni in goyi bayan Abba a abu ɗaya. Na tashi a gidan gem tun zamanin PlayStation 2. Muna yara ana sa Roberto Carlos a gaba a Winning Eleven saboda gudu, da PES 5 ta zo kuma sai da aka kafa doka a unguwarmu ba a ɗaukar Inter, don Adriano da Obafemi Martins in suka haɗu a gaba zalunci ne. Ka ga mu da kanmu muka gyara doka don a yi adalci, yara 'yan shekara goma sha biyu. A bencina ɗan Alhaji da yaron da ke tura baro fad iri ɗaya suke riƙewa, wanda aka ci ya miƙa wa na baya, ko ubansa waye. Akwai wani yaro mai sayar da ruwan leda, in ya shigo manyan samari sai su fara duba waya wai ana kiransu. Ina kuma a garin nan yaron nan zai samu a ji tsoronsa don iyawarsa?

Matsalata ni fetur ce. Tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayu 2023 janareto ya zama abokin gaba. Na ƙara kuɗin wasa, yara suka ragu, yawanci sun koma waya, Free Fire da Call of Duty. Yanzu tara kuɗin sola nake yi.

Nas Hauwa:
Malam Sani, labarin mai ruwan leda ya taɓa ni, amma adalcin nan da kai da Abba kuke yabo na gem ɗin da ne. Na yanzu da ke waya kyauta ake sauke shi, sannan a sayar maka da ƙarfi a ciki. Ƙanena yana buga eFootball, ya sha zuwa roƙona in saya masa kwabban cikin gem don ya buɗe akwati ko zai dace da babban ɗan wasa. Ko zai dace fa, ba tabbas. Mai kuɗi ya buɗe hamsin, shi ya buɗe ɗaya. Ga data da aka amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, ga sabis da in ya yi rauni kafin ka danna an riga an harbe ka. To ɗan gidan waye ya dawo ta taga ke nan.

Wannan rashin tabbas ɗin kuma da gangan ne. Ladan da ba ka san yaushe zai zo ba ya fi kama zuciya a kan wanda ka san lokacinsa, dabarar da injin caca ke aiki da ita ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar kamuwa da gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022. Amma ba yawan awanni suka duba ba. Alamun su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, gem ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a ƙa'ida abin ya kai kamar shekara guda. Chaina ma a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya, takwas zuwa tara na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

Abba, ni ban ga cuta a labarinka ba. Na ga mutumin da ke tsoron buɗe wani fayil. Amma in ka ga barci ya lalace, abinci ya fita ranka, abin da kake so da duk ya daina yi maka daɗi, kada ka tsaya a zaure, ka ga likita. Masu karatun gaba da digiri suna shiga wannan hali su yi shiru don kada a ce sun gaza.

Gimbiyar Zazzau:
Ku yi haƙuri in karkatar da zancen. Da gaske akwai Hausawa a gem ɗin? Da Sarauniya Amina? Ko irin abin nan ne da za a sa wa mutum rawani a ce shi ke nan?

Abba Tarihi:
Yauwa, an zo wurina. Da gaske ne Gimbiya. In kwamfuta ce ke riƙe da Hausawa, Amina ce jagorarsu. Kuma ba nan kaɗai ba, Civilization VII da ya fito a Fabrairun 2025 ya sa ta cikin shugabannin da ake zaɓa. Kafin nan jerin Civilization ya sa Askiya na Songhai a na biyar, da Mansa Musa na Mali a ƙarin na shida.

Sun yi karatu fa, ba rawani kawai ba ne. Akwai mahayin doki da suka kira da sunan lifidi, wato rigar nan mai kauri da ake cusa wa auduga a sa wa doki da mahayinsa don kibiya, irin wadda har yau 'yan lifidi ke sawa a hawan salla. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ranar da na fara ganin kalmar a allo sai da na tsayar da wasan na kira ƙanena ya gani. Akwai kuma wani soja mai ƙarfi da suka sa wa suna Maigadi, wannan kam sai da na yi dariya, na tuna namu na layi da tocila da gora.

Inda gem ba ya iya bin mu shi ne wurin shakka. Kundin Kano ya kawo Amina a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da bābānni 40, wato bayin da aka dandaƙe, da goro 10,000. Wasu masana kuma suna kai ta ƙarni na 16, 'yar Bakwa Turunku. Tazarar ta haura shekara ɗari. Mai gem ba ruwansa, zai zaɓi ɗaya ya zana mata fuska ya ba ta murya, yaro a Brazil ya tashi da wannan a matsayin Amina. Mu da muke da ganuwar Amina kusa da gidajenmu muna nan muna jiran sa hannu.

Dakta Mai Alli:
Ka lura da abin da ka yi yanzu? Ka rubuta sakin layi uku masu kyau cikin minti goma, da hujja da shakka a inda ta dace, babu wanda ya ba ka maki. Kuma da bakinka ka faɗi abin da na faɗa da safe, gem ba ya iya zama da rashin sani, kai kana iyawa. Wannan da ka rubuta maƙala ce in ka zauna mata.

Maman Hanif:
Dakta kada ka ba shi sabon aiki, bai gama na hannunsa ba. Haka kuke yi mana.

Mubarak Mai Kod:
Tunda an zo nan, kullum sai an ce me ya sa ba mu yi namu ba. Na gwada. Na yi wata biyar ina haɗa dara ta waya, irin wadda Baba ya kwatanta. Dokar ba ta ba ni wuya ba, mako biyu na gama ta. Abin da ya kayar da ni shi ne mai zane da mai sauti, kowa sai an biya shi, ga shi mutanenmu ba su saba sayen manhaja ba, tallan da ake sawa a ciki kuma abin da yake kawowa daga nan bai taka kara ya karya ba. Irin su Age of Empires ma'aikata ne rututu da kamfanin Microsoft a bayansu. Tana nan a laftof ɗina, kwamfutar ma ba ta iya wasa sosai, kullum ni ke cin ta.

Baba Alhaji Ritaya:
Mubarak, ka kawo ta in gani. In kai kake cin ta to ba ta iya ba ne, ba kai ka iya ba. Ka sa mata dokar cewa ba a jera uku lokacin zubi? Kuma huɗu a layi ba ci ba ne.

Mubarak Mai Kod:
Ta farkon na sa Baba. Ta biyun wallahi yanzu na ji.

Maman Hanif:
Abba, bari in ba ka abin da ya fitar da ni daga irin ramin nan, ba falsafa. Na daina kai babi in ce Malam a duba min. Ina ɗora takarda ɗaya a sama da tambaya uku, kowace da lambar shafi: sashen nan ya tsaya ko ya fita, hujjar nan ta isa ko a ƙaro, in wuce babi na gaba ko in dakata. In ya amsa da baki, ina fita in tura masa saƙo cikin ladabi in ce Malam ga abin da na fahimta, ko daidai ne? In ya ce e, na ajiye. Ranar da aka tambaye ni ina fatake, ina da abin nunawa. Ba ya hana jira, amma yana hana zagaye.

Ustaz Nura:
Kuma a riƙa rufe laftof sha biyu.

Abba Tarihi:
Na dawo da rahoto. Na bi shawarar Anti, na rubuta tambaya uku, na je sashe ƙarfe goma. Ofis a kulle. Sakatariya ta ce ya tafi wata jami'a duba ɗalibai, sai Litinin, in Allah ya kai mu. Na tura takardar ta ƙarƙashin ƙofa, na zauna a bencin na ɗan huta. Wata baiwar Allah na gefe da kundi a cinya, na leƙa wayarta, alewa take jerawa. Ban ce komai ba.

Sani Mai Gem:
Kafin Litinin akwai Asabar da Lahadi. Biyar ɗinka na nan na ajiye maka.

Dakta Mai Alli:
Malam Abba, turo min sashen fataken ta akwatina, shafi goma kawai, kada ka haɗo da sauran. Ba zan shiga hurumin sufabaizanka ba, zan dai gaya maka in akwai tsakuwa da inda take. Zuwa Alhamis. In na wuce Alhamis ka tuna min a nan gaban kowa.

Abba Tarihi:
Na gode Allah ya gafarta Malam, Allah ya saka da alheri. An ɗauke wuta tun la'asar, laftof ɗin saura kashi tara. Zan kai shi shagon Sani in yi caji in turo.

Maman Hanif:
Shagon wa?